Lambar Kwando Na Bakwai

Ranar da na sauka a Alƙahira, mutumin da ya yi alkawarin tarbata bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Shi ne ya karɓi takarduna tun muna Funtuwa, ya rantse mini cewa gurbin karatuna yana nan yana jirana, kujera kawai zan ja in zauna. Na yi awa huɗu zaune a kan jakata ina kallon ƙofa. Daga baya na gano ko sunana bai kai makarantar ba. Ban sake sa shi a ido ba, kuma har yau idan na tuna gemunsa da dogon carbinsa sai in yi tsaki.

Wasu ɗalibai 'yan Damagaram ne suka tsince ni, suka tafi da ni Arba wa Nus, inda muka zama mu shida a ɗaki ɗaya. Unguwa ce da gidaje suka hau kan juna, famfo ya kawo ruwa yau, ya yi kwana biyu yana hutawa. Idan ka fita, yara su bi ka da "ya samara", wato baƙi, iyayensu suna zaune a bakin shago suna murmushi. Abinci kuwa ful, wato dafaffen wake, da gurasa da safe, ful da gurasa da rana, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa. Duk Juma'a Inna takan kira ta tambayi karatu, ni kuma in ce mata karatu lafiya lau. Na ji ƙyamar kaina a kan wannan ƙaryar, amma na kasa dainawa.

Zango na gaba ofisoshin Wustul Balad ne, wato tsakiyar birni. Wannan taga ta tura ka waccan, waccan ta tura ka bene na uku, na bene na uku ya fita shan shayi. Kalmomi biyu na fara haddacewa a Larabcin Masar, bukura da ma'alish, wato gobe da yi haƙuri. Bayan wata biyu ina sintiri, wani ma'aikaci ya gaya mini, ba tare da ya ɗago kai ba, cewa sai baɗi za a duba takarduna. Shekara guda ke nan a gabana, babu karatu, babu sana'a, ga kunyar komawa gida.

A wani masallaci na unguwarmu na haɗu da Baba Idrisu. Na fito daga sallar la'asar na tarar an ɗauke mini takalma, sai na tsaya a bakin ƙofa ina ta Allah ya isa da Hausa. Wani dattijo siriri ya yi dariya a bayana, ya ce mini da wata tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci in rage, kada in ƙarar da Allah ya isan tun ban ga komai ba. Ya samo mini silifas, ya ja ni gidansa shan shayi. Kakanninsa daga Haɗeja suka taso a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro shi Masar da matarsa da 'yarsa da jikoki huɗu. Aikinsa ban ruwa ne a wata unguwar masu kuɗi da aka gina a cikin hamada, gabas da birni.

Da ya ji labarina, ya ce ana neman mai jin Turanci a wurin aikinsu, zai kai ni. Muna cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, ranar farko ya dafa gwiwata.

"Hamisu, ni na tsaya maka. In ka ɓata, ba kai kaɗai za su kora ba, har da ni. Baki shida ke ci daga tiyon nan da nake riƙewa."

Na ce masa in sha Allah ba zan ba shi kunya ba.

Da muka shiga ƙofar unguwar sai na saki baki ina kallo. Ciyawa shar ko'ina, ana ta feshin ruwa a kan hamada, alhali na baro mata a Arba wa Nus suna layi da jarkoki. Mai wurin, kowa Basha yake ce masa, wani ƙaton mutum ne mai tumbi da zobba. Ya je Turai ya ga wani wasa, ya dawo ya ce lallai sai an yi masa filinsa. Manajansa Ustaz Magdi, mai yawan turare da yawan "tamam ya Basha", wato daidai ne ranka ya daɗe, shi ya miƙa ni ga wani Bature mai suna Timo, wanda aka ɗauko don ya tsara filin.

Wasan kuwa, golf ne amma da faifan roba. Ka tsaya a kan dandamali ka cilla faifai, ka bi shi inda ya faɗi, ka sake cillawa daga nan, har ya faɗa cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da aka kafa a kan sanda. Wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Da Timo ya gama yi mini bayani na ce a raina, ikon Allah, na ƙetare ƙasashe don in karanta fiƙihu, ga ni zan yi wa ƙattin banza hidimar jifan faranti. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai dai Timo ya ba ni mamaki, domin bai ɗauki abin da wasa ba. Kwanduna tara za mu kafa, kuma kafin ya yarda da wurin kowanne sai mun yi kwanaki muna aune-aune. Ni nake tura masa ƙafar awo, wata 'yar taya mai ƙirga taku, shi yana duba inda iska take kaɗawa da inda mutane suke bi. Kowane kwando yana da abin da yake kira par, mu ma'aikata muka sa masa lambar kwando. Ita ce yawan jifan da gwani zai yi daga dandamali zuwa cikin kwando, idan bai yi kuskure ba kuma iska ba ta haukace ba. Wanda ya gama ƙasa da lambar ya yi bajinta, wanda ya haura ta ya gaza. Timo ya ce da hannun gwani ake auna lamba, ba da hannun mai fili ba, kuma ranar da aka ƙara ta don a faranta wa wani, wasan ya zama shirme.

Doka ta biyu ita ya fi nanatawa. Ba a kafa kwando a inda mai jifa ba ya ganin wurin da faifansa zai sauka, muddin mutane suna zama ko suna wucewa ta nan. Na ɗauka tsoron Turawa ne kawai, sai ranar da faifansa ya kuɓuce ya same ni a ƙauri. Bakin abin yana da tauri da ɗan kaifi, kwana uku ina ɗingishi.

Tun ina ɗauko masa faifai har na fara gwadawa, kuma ashe ina da hannu. Cikin wata uku babu wanda yake kamo ni a wurin sai shi Timo. Masu gadi suka fara ce mini Kabtin, ni kuma na fara jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata. Da rana nakan je in sami Baba Idrisu a bayan wani tudun yashi da ke gefen filin, inda bishiya ɗaya tak mai inuwa take. Nan yake ajiye butarsa da dardumarsa, nan yake sallar azahar da la'asar, nan muke raba gurasa. Yakan tsokane ni ya ce malamin faranti ya iso.

Rigima ta taso ne ranar da Basha ya zo gwaji. Kwando na bakwai shi ne wanda ake hangowa daga barandarsa, kuma lambarsa uku ce. Basha ya yi jifa shida kafin ya shiga. Ya sake, ya yi biyar. Ya jefar da faifan ya shiga motarsa. Da yamma Ustaz Magdi ya zo ya ce wa Timo ya mayar da lambar biyar, domin ranar buɗewa manyan baƙi za su zo, kuma ba zai yiwu mai gida ya gaza a gaban barandarsa ba. Timo ya ce ba zai rubuta ba. Suka yi ta yi, ina tsakiya ina fassara, har na gaji da sassauta zagin da kowannensu yake yi. Kwana biyu bayan nan Timo ya haɗa kayansa. Ya bar mini jakar faya-fayansa da ɗan littafin dokoki, ya ce in kula da tudun nan.

Ko ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Ustaz Magdi ya juyo kaina.

"Yalla ya Kabtin. Kai ne gwani yanzu. Rubuta biyar, khalas."

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma bafaden wannan karon ni ne. Ina ganin kaina ɗalibin ilimi, ba zan iya rubuta ƙarya tsirara ba, kuma ba zan iya ƙi a kore mu ni da Baba ba. Sai na nemi dabara. Na ce a ciro kwandon a kai shi bayan tudun yashi, taku kaɗan daga bishiyar. Na ɗauki ƙafar awo na bi ta gefen tudun, na zagaya can nesa kamar mai kewaye gari, har awon ya yi tsawon da za a iya cewa biyar. A takarda hanya ce doguwa mai lanƙwasa. A fili kuwa, duk mai hankali ta saman tudun zai cilla, ya sauka kusa da kwando. Ni da kaina na gwada, jifa uku na shiga. Ustaz Magdi ya rungume ni, turarensa ya cika mini hanci, ya ce zai raɗa wa Basha sirrin tudun. Aka buga allo mai kyau aka rubuta biyar.

Na san dokar da na taka. Na je na gaya wa Baba ya canza wurin salla. Ya dube ni ya tambaye ni ko na ga wata inuwar a duk filin. Na ce to, ranar da za a yi wasa ni da kaina zan zo in tashe shi kafin a iso kwando na bakwai. Ya ce tamam, ya ci gaba da naɗe tiyonsa.

Ranar buɗewa aka ba ni farar riga da hula mai rubutun Kabtin, aka ce ni ne alƙalin wasa. Motoci suka cika wurin, mata da tabarau, maza da gajerun wanduna, ana yawo da lemo a kan tire. Mutanen da da a titi muka haɗu ko kallona ba za su yi ba, yau suna tambayata yadda ake riƙe faifai, suna ɗaukar hoto da ni. Kaina ya kumbura. Muna kwando na shida na ji wayar wani tana kiran sallar la'asar, amma ban tuna da kowa ba.

A kwando na bakwai Basha ya yi jifan farko, ya tafi ba laifi. Na biyu ya kai shi gindin tudu. Ya kalli Ustaz Magdi, suka yi wa juna murmushi, sannan ya tattara duk ƙarfinsa ya cilla ta sama. Doka ta ce a tabbatar babu kowa kafin a yi jifa, kuma a yi ihun gargaɗi idan faifai ya nufi mutum. Babu wanda ya hau ya duba, kuma aikina ne in hau. Maimakon ƙarar sarƙa sai muka ji wani tim, sannan muka ji salati.

Na riga kowa hawa tudun. Baba Idrisu yana zaune a kan dardumarsa, zaman tahiya, ya dafe idonsa na hagu, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana ɗiga a kan rigarsa. Faifan ja ne, yana kwance a bakin dardumar. Na durƙusa ina kiran sunansa, shi kuma yana ƙoƙarin ya ƙarasa sallamarsa.

Baƙi suka iso suka kewaye mu. Basha ya sunkuyo kaɗan ya ce, "Ma'alish ya Hajj." Daga nan sai gardama ta kaure a kanmu. Wani ya ce tunda faifan ya bugi mutum sai an sake jifan. Wani ya ce a'a, ai da bai buge shi ba da ya wuce kwandon da nisa, don haka Basha ya ci riba. Wata mata ta ce a duba littafi. Tsoho yana zubar da jini a tsakiyarsu, su kuma suna fatawa a kan faifai. Ban taɓa jin ƙyamar 'yan Adam irin ta wannan lokacin ba.

Basha ya taɓa kafaɗata da yatsa.

"Kabtin, daga ina zan yi jifa?"

Ina so in ce na tashi na zage shi. Ban yi ba. Bakina da kansa ya ba shi amsar da ke cikin littafi, cewa faifan da ya bugi mutum daga inda ya tsaya ake ci gaba. Basha ya sa takalminsa a kan dardumar Baba, ya ɗauki faifan, ya goge shi a wandonsa, ya cilla. Sarƙa ta yi ƙara. Jifa huɗu, ɗaya ƙasa da lamba. Aka tafa masa, wani har da fito.

Direban tankar ruwa, wani baƙauyen kudancin Masar da ban taɓa sanin sunansa ba, shi ya kwance rawaninsa ya ɗaure wa Baba ido, ya ɗauke mu zuwa asibiti yana tsine wa masu kuɗi tun daga ƙofa har muka isa. Ya zauna tare da mu har aka gama ɗinki, ya sayo mana ruwa, ya ƙi karɓar ko godiya. Likita ya ce an ceci ƙwayar idon, amma gani da shi sai dai haske-haske. Garin neman gira aka rasa ido, sai dai idon ba nawa ba ne.

Washegari Ustaz Magdi ya kira ni ofis, ya turo mini takarda. An rubuta cewa mai ban ruwa ya shiga filin wasa ba da izini ba, ya jawo wa kansa rauni, don haka an sallame shi. Saura sa hannun alƙali. Ya ce idan na sa, aikina yana nan har da ƙarin girma. Na tuna baki shida. Na gaya masa tsohon ya rasa ido, ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙaddara ce. Na gaya masa Allah yana gani, ya ce sadaƙta, wato na yi gaskiya, ya miƙo mini biro.

Sai na ajiye maganar Allah na yi masa maganar da yake ji. Na ce idan aka kori Baba, ranar Asabar mai zuwa zan tsaya a gaban duk abokan Basha in shiga kwando na bakwai da jifa uku, in sake, in sake, sannan in ɗauko ƙafar awo in nuna musu yadda muka zagaya tudu muka haifi biyar. Kowa zai san cewa huɗun da aka tafa wa gazawa ce. A karon farko na ga fuskar Ustaz Magdi ta canza. Ya fita ya yi waya, ya dawo yana share gumi. Aka daidaita a kan Baba zai ci gaba da aiki, za a mayar da shi gadin ƙaramar ƙofa, ni kuma in rufe bakina in bar musu wurin. Idon mutum bai motsa su ba, lambar da ke kan allo ce ta motsa su. Na ce a mayar da kwandon inda yake da, suka ce za su magance matsalar. Da suka tashi magancewa sai suka sare bishiyar.

Na ajiye farar rigar da hular a kan teburinsa, na fito. Jakar Timo kuwa na bar ta a cikin mikrobas da gangan. Na ƙarasa shekarar ina wankin kwanuka a wani gidan abinci a Ard al-Liwa, har sunana ya fito a makaranta. Daga baya mun karanta babin dabarun da mutane suke yi don su zagaye hukunci, malam yana bayani 'yan aji suna dariya, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Amma tun kafin nan, mako guda bayan abin, na je gaida Baba a gida. Yana kishingiɗe a kan tabarma, an rufe idon da auduga, jikokinsa suna leƙowa daga bayan labule. Na gaya masa aikinsa yana nan, ya yi hamdala sau uku. Da na so in yi shiru a nan, amma na kasa. Na faɗa masa komai, cewa ni na kai kwandon gindin bishiyarsa, ni na zagaya da awo, ni na manta da shi saboda farar riga. Bai katse ni ba. 'Yarsa ta kawo shayi ta ajiye a tsakaninmu.

Ya daɗe yana kallona da idon da ya rage, sannan ya ce, "Nawa ka rubuta musu a allon?"

Na ce, "Biyar, Baba."

"Gaskiyar fa nawa ce?"

"Uku."

Ya lanƙwasa yatsunsa a hankali, kamar mai jan tasbihi.

"To, jifa biyu ke nan aka saya da idona. Wallahi ɗana, ka sayar da shi da araha."

Ya tura mini kofin da bayan hannunsa, ya ce in sha kada ya huce.